Maraƙin Ciyawa

Mahaifiyata takan ce na fara tambaya tun kafin in fara tafiya, kuma har yau halin bai bar ni ba. Duk da haka sai da na haura shekara arba'in kafin in san cewa saniya tana iya hana nononta da gangan. Da a ganina hantsar saniya kamar randa ce, in akwai abu a ciki sai ka ɗiba.

Saniyar ta maigidana ce, Allah ya jiƙansa. Ya saye ta ne a lokacin da zaman ruga ya gagara a dajin nan namu na Birnin Gwari, Fulani suna ta watsewa, kowa na sayar da abin da ba zai iya korawa ba. Ya shigo da ita da yamma janye da igiya, fara sol, ga dogayen ƙaho, ga ciki. Na ce masa, "Malam, mu da ko akuya ba ta daɗewa a hannunmu, ina mu ina saniya?" Ya ce taki yake so saboda gonarsa ta Gayam. Bai ga haihuwarta ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi a tsakiyar damina, kafin mu farga an kai shi makwancinsa. Ina dab da fita takaba ta haifi ɗan maraƙi namiji, fari kamar uwarsa, sai dai baƙin tabo guda a gefen wuya.

Da aka zo rabon tufafin mamaci, na ɓoye riga ɗaya. Ba ta ado ba ce, tsohuwar rigar gonarsa ce, wadda ya cire ranar da ya dawo yana rawar sanyi. Na rataye ta a ƙusa bayan ƙofar ɗakina, da taɓon gona a gefenta, ban wanke ba. Kowace safiya kafin in fito nakan sa fuskata a cikinta. Ban faɗa wa kowa ba.

Ina fita takaba Yayana ya zo daga Kaduna. Shi ne babba a gidanmu, tun rasuwar mahaifinmu maganarsa ce magana. Ya ce in haɗa kayana. 'Yata ɗaya ce, tana aure a Saminaka, dangin maigidana kuma sun ce in zauna a gidan in ina so, to amma zama da me? Yaya ba mugu ba ne. Hanyar Kaduna ce ta zama abin da ta zama, ba ya iya zuwa duba ni yadda yake so, kuma tunanin ina kwana ni kaɗai yana hana shi sukuni. Ni kuwa ko tunanin rufe ƙofar nan in ba da baya ba na iya yi. Da na rasa hujja sai na nuna masa saniya, na ce sana'ar madara zan fara.

Ya dube ni, ya dubi saniyar, ya ce, "Ke ɗin? Kin taɓa tatsa?"

"Zan koya, Yaya."

"To ji nan. In sana'ar ta riƙe ki har damina ta faɗi, na ƙyale ki. In ba ta riƙe ki ba zan zo da mota, kuma ba shawara zan zo yi ba."

Wadda ta koya mini tatsa wata tsohuwar Bafulatana ce da ta shekara da shekaru tana kawo mana nono daga daji. Rugarsu ta tashi, 'ya'yanta sun kora sauran shanun zuwa kudu, ita ƙafa ta hana ta bin su, sai ta kama ɗaki a gefen gari. Ina ce mata Inna, ita kuma ba ta taɓa kirana da komai ba sai Kaɗo, wato yadda suke kiranmu Hausawa in suna son tsokana. Ina jin kewar shanu ce ta sa take tako ƙafar nan mai ciwo har gidana kowace safiya, don ban taɓa roƙonta ba.

Ka'idar tatsa a wurinta ɗaya ce. Da dare a raba maraƙi da uwa. Da safe a sake shi ya kama nono, ya yi ta tunkuɗar hantsa da kai har bakinsa ya yi kumfa, sannan a janye shi a ɗaure kusa da kan uwar. Tana lasarsa, ke kina tatsa. In kin gama ki bar masa rabonsa. Na ce, "Inna, me ya sa sai ya fara sha? Ba asara ba ce?" Ta ce, "Haka ake yi." Amsar nan tana ƙona mini rai, kuma ita ce amsarta ga rabin tambayoyina. Ranar da ba ta zo da wuri ba na gwada da kaina, na durƙusa da ƙwarya ba tare da na saki maraƙin ba. Na ja, na matsa, na lallaɓa, abin da ya fito bai fi a jiƙa yatsa ba. Saniyar ta waiwayo ta dube ni a wulaƙance. Daga ranar na sa mata suna Hajiya.

Sayarwa kuma wani karatu ne daban. Mutanen garinmu nono suka sani da kindirmo. Madara kuwa ta gwangwani ce ko ta gari. Ga shi tun da nonon daji ya yi wuya, zargi ya yi yawa, ana cewa masu talla suna dama madarar gari su ƙara ruwa su kira ta kindirmo. Ni kuma ba firji, wuta ma sai labari, madara ɗanya kuwa in hantsi ya yi zafi ta fara juyawa. Sai na ga abu ɗaya zai raba ni da matsalolin biyu. Na kafa turken Hajiya a kangon da ke jikin gidanmu, na yi masa gajeriyar danga wadda mai wucewa zai iya leƙawa. Duk mai so ya zo da kwanonsa da sassafe, ya tsaya ya ga tatsa da idonsa, a zuba masa da ɗuminta.

Wanda ya fara zuwa mai shayin bakin tasha ne. Bayansa sai matan unguwa masu son kwantar da kindirmonsu da kansu. Sai wani tsohon tela, maƙwabcinmu, mai fama da gyambon ciki, wanda ya ce duk abin da ya ci sai ya ji kamar an zuba masa barkono, ban da madarar Hajiya. Kowa na zuba wa sai na ce ya tafasa kafin ya sha, haka malamin dabbobi ya gargaɗe ni. Baba tela kuwa a nan bakin danga yake kafa kai, ya goge gemu, ya ce, "'Yata, na sha ruwan rafin garin nan shekara saba'in bai kashe ni ba." Kullum sai mun yi wannan faɗan, kullum shi ke cin nasara.

Watannin nan na ga abubuwan da suka ɗaure mini kai. In Hajiya ta ci harawar wake madarar takan yi kauri, man yana tasowa rawaya-rawaya. In ta ci dusar masara zalla sai ta yi yawa amma ba nauyi. In baƙo mai turare ya matso kusa takan ɗaga kai ta tsaya cak, nonon ya ragu a hannuna kamar an murɗa wani abu daga ciki. Ban yi arziki ba, amma tukunyata ba ta kwana ba wuta ba, kuma ban buga wa Yaya waya na ce ya aiko ba. Abin da nake nema ke nan.

Ana cikin zafin bazara, mangwaro ya fara nuna, maraƙin ya daina cin abinci. Cikinsa ya kumbura, yana tsaye yana nishi. Muka ba shi kanwa, muka ba shi jiƙo, malamin dabbobi ya yi masa allura, ba canji. Da na ga ya kwanta ya miƙe wuya sai na aika aka kira mahaucin layinmu, ya yanka shi kafin ya zama mushe. Da ya buɗe cikin sai ga leda cunkus, baƙa da fara, ta dunƙule kamar ƙwallo. Iska ce ke kwaso ta daga bola ta tara a gindin danga, shi kuma ya fara koyon kiwo, duk abin da ya gani sai ya kai baki. Maraƙin daji ba ya gamuwa da wannan, mutuwar cikin gari ce.

Hajiya ta yi kuka har muryarta ta dushe. Washegari na durƙusa da ƙwarya, hantsarta cike tam, jijiyoyi sun fito, amma ko ɗigo. Na shafa mata ruwan ɗumi, na yi mata waƙar da Inna ke yi, na zuba mata dusa da gishiri. Ta sa ƙafa ta yi fatali da ƙwaryar. Masu kwano suka tsaya suka tsaya, suka juya. Malamin dabbobi ya ce akwai allurar da ke sa saniya ta saki nono, amma sai an yi ta a kowace tatsa, kuma sai Kaduna ake samunta. Ya ƙara da cewa in aka daɗe a haka nonon zai ƙafe, sai kuma wata haihuwar. Wata haihuwar kuwa tana bayan damina da nisa.

Inna ba ta gari, ta tafi suna wani ƙauye. Mai shayi ya koma madarar gari. Baba tela ne kaɗai bai fasa zuwa ba, ya tsaya da kwanonsa, ya gaishe ni, ya koma da shi ba komai, hannu ɗaya dafe da ciki. Ban san wanda ya kai wa Yaya labari ba, amma ya same ni a waya, don lokacin an rufe hanyar Kaduna saboda 'yan bindiga. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, "Kin yi iya ƙoƙarinki. Da zarar an buɗe hanya ina nan tafe."

Da Inna ta dawo ko zama ba ta yi ba. Ta dubi turken maraƙin, ta dubi hantsar Hajiya, ta ce, "Kaɗo, ina fatar?"

"Wace fata?"

"Ta ɗan. Kada ki ce mini kin bari an ƙona ta an yi ganda."

Na yafa mayafi na nufi gidan mahauci da sauri. Allah ya taimake ni, ya zuba mata gishiri ya naɗe, yana jiran masu sayen fata. Ya ce, "Buzu za ki yi da ita? Ai ta yi ƙanƙanta." Na ce ni ma ban san abin da za a yi da ita ba, kuma gaskiya na faɗa.

Muka baje ta a tsakar gida, ƙudaje suka taru. Wari take yi, ba na wasa ba. Na ɗebo ruwa da sabulu, Inna ta buge mini hannu har sabulun ya faɗi. "Kada ki kuskura. In kin wanke, kin kashe shi sau biyu." Ta kakkaɓe gishirin, ta shafe cikin fatar da toka, ta sa na kawo busasshiyar ciyawa da allurar ɗinkin buhu. Tana cusawa ina ɗinkewa. Ta sassaƙa itace huɗu ta zura a mazaunin ƙafafu. Kai kuwa babu, mahauci ya riga ya sayar, sai ta tattara wuyan ta ɗaure da igiya kamar bakin buhu. Da muka tsayar da shi na yi dariya har da hawaye. Ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, ciyawa na leƙowa ta ɗinki, ko makaho ya shafa ba zai ce maraƙi ba ne. Na ce, "Inna, Hajiya fa ba sakarya ba ce." Ta ce, "Wa ya ce miki sakarya ce?"

Da safe labari ya riga ya zaga unguwa, danga ta cika da mutane, har waɗanda ba su taɓa sayen madarata ba. Inna ta yayyafa ruwan gishiri a bayan abin, ta ɗauko shi a hammata, ta ajiye gaban Hajiya. Saniyar ta ja da baya har igiya ta miƙe. Ta hura hanci. Ta matso, ta shinshina daga gindi zuwa gaba, a hankali, har ta kai wurin baƙin tabon nan na wuya. Nan ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Sai ta yi wani ƙaramin gurnani daga maƙogwaro, irin wanda take yi wa ɗanta da asuba, ta zaro harshe ta fara lasa. Inna ta zungure ni da gwiwar hannu. Kafin in kai ƙwarya nonon ya fara ɗiga ƙasa da kansa. Na tatsa ina kuka, kaina a jingine da cikinta don kada mutane su gani. Farin ciki ne, amma ba shi kaɗai ba ne.

Baba tela ya sha rabonsa a tsaye kamar kullum, ya goge gemu, sannan ya ce, "'Yata, ke da kika kafa turke a fili don a ga ba algus a sana'arki, ga shi saniyar ma kin yi mata algus." Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta bi ni har ɗaki. Idan yaudararta nake yi, to duk kwanon da na cika da ƙarya na cika shi. Sai halin nawa ya motsa, na shiga sa ido.

Lokacin da maraƙin ke da rai, in ya tsaya wasa takan tura shi da hanci zuwa hantsa. Wannan ba ta taɓa tura shi ba. Da, in an janye ɗanta bayan tatsa sai ta bi shi da ido tana kira. Wannan in na ɗauke shi na kai rumbu, ko waiwaye ba ta yi, sai ta sa kai a dusa. Wata safiya iska ta kayar da shi, ƙafafu a sama, ta sunkuya ta ci gaba da lasarsa a kwance ba tare da ta firgita ba. Na ce to ko gishirin take bi? Na daina yayyafawa. Ta lasa kamar kullum, kuma wuri ɗaya take lasa, kan tabon wuya, har gashin wurin ya fara sulɓewa. Na gwada shafa gishiri a buhun dusa na ajiye mata a madadinsa. Ta lashe gishirin tas, ta hana ni nono.

Na ce wa Inna, "Ta san ya mutu, ko?"

Tana tauna goro ta ce, "Kaɗo, a gabanta aka ja shi. Ta ji ƙarnin jininsa. Me ya rage ba ta sani ba?"

"To me ya sa take saki?"

"Haka suke."

Wannan karon amsar ba ta ƙona mini rai ba. Na tambaye ta ranar da warin ɗan zai gushe daga fatar fa. Ta ce kafin nan ta saba da hannuna, ko kuma ta ɗauki wani cikin, ba a dai gaggauta mata.

Lokacin da aka buɗe hanya hadari ya fara haɗuwa a gabas. Yaya ya biyo jerin motocin da sojoji ke rakowa, ya iso da la'asar, ya kwana gidan abokinsa, da sassafe sai ga shi a bakin danga cikin masu kwano. Ya ga an fito da maraƙin ciyawa, ya ga Hajiya na lasa, ya ga ƙwarya na cika. Ya yi dariya sosai, ya ce dabba dai dabba ce. Da mutane suka watse sai ya gyara murya.

"Na ga madara, ban musa ba. Amma sana'ar da ke tsaye a kan buhun ciyawa ba sana'a ba ce. Ranar da ta gane wayon fa? Ki dawo kina kuka, ni kuma hanya a rufe?"

"Ba ranar da za ta gane, Yaya. Ta riga ta sani."

"Ta san ɗanta ya mutu, take lasar fatarsa?"

"Ta sani sarai. Abin da ya rage mata ke nan, kuma in ta ji warinsa tana iya wuni."

Ya girgiza kai, ya ce tun muna yara nake da irin wannan magana. Ya ce direba na jira, kayan nauyi a bar su sai daga baya, yanzu akwatina kawai zai ɗauka. Ya wuce cikin gida. Ban bi shi ba. Ina durƙushe a gindin saniya da ƙwarya a cinya, ina jin ƙarar ƙofar ɗakina, wadda ba ta buɗuwa sosai sai an turo ta an koma bayanta. Akwatin yana nan a bayan ƙofar, daidai ƙarƙashin ƙusar da na rataye rigar maigidana. Yaya ya san rigar. Shi ya saya wa maigidana yadin, shekarun baya, da wata Sallah.

Ya daɗe a ciki. Da ya fito hannunsa ba komai. Ya tsaya a bakin kango yana kallon Hajiya, wadda ta gama lasa ta koma kan dusarta. Ya ciro hula ya mayar. Sannan ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Wannan madarar taki, za ta kai Kaduna ba ta lalace ba? Yara ba su taɓa shan irinta ba."

Na ce, "Sai an tafasa, Yaya."

Ya ce, "To hura wuta, direba na jira."